Lissafin Sinadarai a Bakin Marina: Sinadari Mai Iyaka da Saurin Rikiɗa

Gabatarwa

Akwai wata magana da aka daɗe ana ji a tsakanin 'yan boko, cewa wai harshen Hausa ya iya waƙa da tatsuniya da wa'azi, amma da zarar an shiga fagen kimiyya sai ya ja gefe ya ba Ingilishi wuri. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da ilmin kemistiri, watau ilmin sinadarai, domin a ganinsu babu yadda za a yi a warware lissafinsa da harshen da ake cinikin goro da shi. Wannan maƙala za ta ɗauki matsaloli biyu daga cikin waɗanda suka fi kayar da ɗaliban sakandare a jarrabawar WAEC da ta NECO, ta warware su da Hausa tun daga tushe, sa'an nan mai karatu ya yi wa kansa hukunci. Matsala ta farko ita ce gano sinadarin da yake fara ƙarewa idan an haɗa sinadarai, ta biyu kuwa ita ce auna saurin da aikin yake tafiya da shi. Ɗalibai da yawa sukan cuɗa su wuri guda, alhali kuwa tambayoyi ne biyu masu zaman kansu. Ɗaya tana cewa, "Nawa za a samu?" Ɗayar kuma tana cewa, "Yaushe za a samu?"

Ɗalibin da ya taso a Zoza, cikin ƙaramar hukumar Rogo ta masarautar Ƙaraye, ba ya bukatar a kai shi Turai neman misali. Wannan yanki na yammacin ƙasar Kano, inda ta yi kusa da iyakar Katsina da ta Kaduna, yana cikin wuraren da sana'ar rini ta yi ƙarfi a ƙarni na 19. Marigayi Philip Shea, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a shekarar 1975 a kan rinannen tufafin da ƙasar Kano take fitarwa a wancan ƙarni, kuma masu nazarin wannan fanni sukan ambaci Zarewa, maƙwabciyar Zoza, a cikin garuruwan da suka yi suna da ƙore, kamar yadda Kura ta yi suna da turkuɗi. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ga cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin. Yau yawancin karofin ƙauyuka sun mutu, an cike rijiyoyin, sai ɗaiɗaiku irin na Ƙofar Mata a cikin birni, kuma masu rini da yawa sun koma ga garin shuni na kanti da soda da wani farin gari da ake sayarwa da sunan haidiro. To, amma ko da tsohuwar hanya ko da sabuwa, abin da yake faruwa a cikin ruwan iri ɗaya ne, shi ne kuma za a yi lissafi a kansa.

Kafin a shiga lissafi sai an daidaita kalmomi. Idan aka garwaya gero da dawa a ƙwarya, gero yana nan gero, dawa tana nan dawa, mai haƙuri zai iya tsince su. Wannan gauraya ce kurum. Amma idan aka dafa mai da ruwan toka ya zama sabulu, babu mai iya komar da shi mai, domin abubuwan da aka zuba sun sāke sun zama wani abu dabam. Irin wannan sākewa ce za a kira rikiɗa a nan. Yawan sinadarin da yake cikin kowace lita ta ruwa kuwa za a kira shi kauri, kamar yadda ake cewa kunu ya yi kauri ko ya tsinke.

Abin da yake faruwa a cikin rijiyar baba

Ganyen baba kore ne, babu shuɗi a cikinsa ko kaɗan. Abin da yake ɗauke da shi wani sinadari ne marar launi da ake kira indikan. Idan aka daka ganyen aka jiƙa, indikan ya rabu gida biyu, sukari da wani abu da ake kira indoksil, shi kuma indoksil da ya sha iska sai ƙwayoyinsa su haɗu bibbiyu su zama shuni. Masifar shuni ita ce ba ya narkewa a ruwa. Wanda ya zuba garinsa a ruwa ya tsoma farin ƙyalle, zai ga launi ya hau, amma wanki ɗaya zai tafi da shi. Dabarar marina duka ita ce su mai da shunin wani abu mai narkewa, wanda masana suke kira farin shuni, ko da yake ruwansa ya fi kama da ɗorawa-ɗorawa mai sirkin kore. Shi ne yake ratsa zaren auduga. Idan aka tsamo tufa aka baza ta, iska ta mai da farin shuni ya koma shuni a can cikin zare, inda ruwa ba zai iya fitar da shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya ga tufa ta fito kore-kore tana komawa shuɗiya a gaban idonsa.

A tsohuwar hanya, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne suke wannan aiki na narkar da shuni, suna cin abin da yake ruɓewa a cikin rijiya, toka da katsi kuwa su suke ba ruwan kaifin da ake bukata. A sabuwar hanya haidiro ya maye gurbin halittun, soda ta maye gurbin toka. Shunin kanti shi kansa ɗan Jamus ne: Adolf von Baeyer ya gano ginin ƙwayarsa a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shi a 1897. Sabuwar hanyar ta fi sauƙin lissafi, domin an san nauyin kome, saboda haka da ita za a fara.

Sinadari mai iyaka

Hausawa suna cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ko ba a nufi kimiyya da wannan karin magana ba, ya kama bakin zaren. Tuwo yana nan malmala-malmala, amma ci ya tsaya, domin abokin tafiyarsa ya ƙare. Haka kuma idan ana shirin girkin biki aka kawo tukwane 10 da duwatsun murhu 24, yaro ma ya san murhu 8 za a kafa, tukwane 2 su zauna a ƙasa, tun da kowace tukunya duwatsu uku take nema. Abin lura shi ne duwatsun sun fi tukwanen yawa, amma duk da haka su ne suka gaza. Abin da ya fara ƙarewa ya tsai da aiki shi za a kira mai iyaka, abin da ya saura kuwa rara.

Sinadarai ma da ƙidaya suke haɗuwa, ƙwaya da ƙwaya, sai dai ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da ba mai iya lissafa su ɗaya-ɗaya. Don haka masana suka yi abin da fataken goro suka yi tun da daɗewa. Ƙwaryar goro guda 100 ce, ko marsa ne ko minu, amma ƙwaryar marsa ta fi ƙwaryar minu nauyi nesa ba kusa ba. Ƙwaryar masu ilmin sinadarai sunanta mol, ƙwayoyin da suke cikinta kuwa 6.022 × 10²³ ne, watau wajen shida da sifiri ashirin da uku a bayanta. Mol ɗaya na shuni giram 262 ne, na haidiro giram 174, na soda giram 40. Adadin ƙwayoyinsu ɗaya, nauyinsu ya bambanta. Wanda ya fara tsara wannan ilmi na awon rabon sinadarai wani Bajamushe ne, Jeremias Richter, a 1792, shekaru kaɗan bayan Lavoisier na Faransa ya tabbatar da cewa nauyin abin da aka zuba daidai yake da nauyin abin da ya fito.

Ga yadda littattafai suke rubuta rikiɗar da take narkar da shuni:

C₁₆H₁₀N₂O₂ + Na₂S₂O₄ + 4NaOH → Na₂C₁₆H₁₀N₂O₂ + 2Na₂SO₃ + 2H₂O

Kada tarin haruffan ya firgita mai karatu. Abin da jumlar take faɗa shi ne, mol ɗaya na shuni yana neman mol ɗaya na haidiro da mol huɗu na soda, kafin a sami mol ɗaya na farin shuni. Shuni shi ne tukunya, soda ita ce duwatsun murhu, sai dai ita huɗu ake nema.

A ƙaddara wani marini ya sayo garin shuni giram 500, haidiro giram 250, soda giram 400. Wanne ne zai fara ƙarewa, kuma shuni nawa zai narke? Da fari sai a mai da kowane nauyi ƙidaya, watau a raba shi da nauyin mol ɗinsa. Shuni: 500 a raba da 262, an sami mol 1.91. Haidiro: 250 a raba da 174, an sami mol 1.44. Soda: 400 a raba da 40, an sami mol 10. Sa'an nan a raba kowanne da lambar da take gabansa a cikin jumla, domin a ga zagaye nawa zai iya kaiwa. Shuni da haidiro lambarsu ɗaya ce, saboda haka suna nan 1.91 da 1.44. Soda kuwa 10 a raba da 4, ya zama 2.5. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin ukun shi ne mai iyaka, watau haidiro. Daga nan duk sauran lissafi a kansa za a ɗora shi. Shunin da zai narke mol 1.44 ne, kimanin giram 376. Giram 124 zai kwanta a gindin tukunya bai yi wa kowa aiki ba. Sodar da za a ci kimanin giram 230 ce, giram 170 ta zama rara.

A wannan misali ɗalibin da ya yi cānke ya ce, "Ai haidiro ne, tun da shi ya fi rashin nauyi," ya dace, kuma wannan dacewa ita za ta kashe shi a tambaya ta gaba. A bar shuni a giram 500, a ɗaga haidiro zuwa 400, a rage soda zuwa 350. Yanzu alkaluman sun zama 1.91 da 2.30 da 2.19. Mai iyaka shi ne shuni, wanda ya fi kowa nauyi a kan sikeli. A sake komawa awon farko, amma a rage soda zuwa giram 200. Mol ɗinta 5 ne, ya fi na sauran biyun ko an haɗa su, amma da aka raba da 4 sai ya zama 1.25, ya faɗo ƙasa da na haidiro. Soda ce mai iyaka ke nan, kuma shunin da zai narke bai wuce giram 328 ba. Nauyi ya yaudari mai cānke a misali na biyu, yawan mol ya yaudare shi a na uku. Mataki na raba mol da lambar jumla shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, a nan kuma makinsu yake zubewa.

Amma fa takarda dabam, tukunya dabam. Haidiron kasuwa ba tsantsa ba ne, yawanci kashi 85 zuwa 90 cikin 100 ne na gaske. Idan na marinin nan kashi 85 ne, to giram 250 ɗinsa a haƙiƙa giram 212 da rabi ne, mol 1.22, shunin da zai narkar kuwa ya koma kimanin giram 320. Bugu da ƙari, iska tana cin haidiro. Mol ɗaya na iskar oksijin, giram 32 kacal, yana iya kashe mol guda na haidiro, giram 174. Oksijin da yake narke a cikin lita 100 ta ruwa bai kai giram ɗaya ba, ɓarnarsa ba ta wuce giram huɗu ko biyar, amma fuskar ruwan tana shan sabuwar iska kullum, kowace tufa da aka tsoma kuma tana shigowa da tata. Shi ya sa a masana'antu ake zuba haidiro fiye da abin da jumla ta nema, da gangan, domin shuni mai tsada ya zama shi ne mai iyaka, mai araha ya zama rara. Wannan ita ce hikimar da take bayan lissafin duka. (Ya kamata a faɗa a nan cewa soda tana cin fata, haidiro kuma idan ya sha laima a ajiye yana iya yin zafi har ya kama wuta. Ba kayan da za a bari kusa da yara ba ne.)

A wajen baza tufa kuwa al'amarin a juye yake. Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar duniya, ba ya ƙarewa. Ɗan farin shunin da zare ya sha shi ne mai iyaka, don haka tsomi ɗaya ba ya ba da baƙi wuluk, ko da an bar tufar a rana har magariba. Sai an tsoma an baza, an tsoma an baza, kowane zagaye yana ɗora nasa a kan na baya.

Saurin rikiɗa

Duk lissafin da ya gabata bai ce kome ba game da lokaci. Giram 376 ɗin nan zai iya narkewa cikin rabin sa'a, zai kuma iya ɗaukar yini, jumlar ba ta sani ba. Saurin rikiɗa shi ne yawan abin da kauri ya ragu ko ya ƙaru a raba da lokacin da aka ɗauka, kamar yadda ake raba nisan Rogo zuwa Kano da sa'o'in da mota ta yi a hanya.

A koma ga marinin nan, a ce ya zuba kayansa cikin lita 100 ta ruwa. Shunin da bai narke ba ya fara da mol 0.019 a kowace lita. A ƙaddara bayan minti 10 an auna an tarar ya koma 0.013. Abin da ya ragu 0.006 ne, a raba da 10, saurin ya zama mol 0.0006 a kowace lita a kowane minti. Idan aka tambayi saurin da soda take ƙarewa da shi a wannan lokaci, sai a koma ga jumla: huɗu take tafiya duk sa'ad da shuni ɗaya ya tafi, saboda haka nata saurin 0.0024 ne. Rikiɗa ɗaya ce, amma alkalamin ya danganta ga wanda aka sa wa ido, don haka wajibi ne ɗalibi ya faɗi sinadarin da yake magana a kai.

A minti 10 na biyu a ce shunin ya sauko daga 0.013 zuwa 0.010. Saurin ya koma 0.0003, rabin na farko. Dalili shi ne ƙwayoyi ba sa rikiɗa sai sun yi karo da juna, kuma yayin da haidiro yake raguwa karon yana raguwa, kamar kasuwa da la'asar sakaliya, masu saye sun watse, mai kaya sai ya daɗe bai ga wanda ya taya ba. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Norwe, Guldberg da Waage, su suka tsara wannan dangantaka ta kauri da sauri a 1864. Kuma alkalamin shunin nan ba zai taɓa kaiwa sifiri ba. Zai yi ta saukowa a hankali har ya tsaya wajen 0.005, wanda shi ne giram 124 ɗin nan na rara. A nan ne matsalolin biyu suke gamuwa: sauri yana nuna yadda ake gangarowa, mai iyaka yana nuna inda za a tsaya.

Mutumin da ya fara auna saurin rikiɗa da alkaluma shi ne Ludwig Wilhelmy, a 1850, kuma da sukarin rake ya yi aikinsa, irin wanda ake dafawa a yi mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi. Ya zuba ruwan tsami mai ƙarfi a ruwan sukari yana lura da yadda sukarin yake rabewa gida biyu, ya tarar saurin rabewar yana bin yawan sukarin da ya rage sau da ƙafa. Idan sukari ya ragu da rabi, sauri ya ragu da rabi. Irin wannan rikiɗa ana ce mata mai daraja ta ɗaya, kuma tana da wata ɗabi'a mai ban sha'awa: lokacin da take ɗauka ta cinye rabin abin da yake nan ba ya sākewa, ko da yawa aka fara ko da kaɗan. Wannan lokaci za a iya kiransa rabin wa'adi. Ana samunsa ta raba 0.693 da wata lamba da ake rubutawa k, wadda take nuna zafin naman rikiɗar a wani ma'aunin zafi. Alal misali idan k ta zama 0.023 a minti, rabin wa'adi minti 30 ne. Giram 80 na sukari zai koma 40 bayan rabin sa'a, 20 bayan sa'a guda, 10 bayan sa'a ɗaya da rabi.

Ba kowace rikiɗa ce take bin wannan tsari ba, kuma a nan akwai wani rami da ɗalibai suke faɗawa. Sukan dubi jumla su ga 4 a gaban soda, su ce ashe darajar soda huɗu ce. Lambobin jumla rabon kaya kurum suke nunawa. Daraja sai an gwada. Yadda ake yi shi ne a riƙe kome yadda yake a sāke abu ɗaya. A ce sinadarai biyu ne, na farko da na biyu, aka haɗa su sauri ya ba da 2. Aka ninka kaurin na farko, aka bar na biyu, sauri ya zama 4: ninki biyu ya haifi ninki biyu, darajarsa ɗaya. Aka koma aka ninka na biyu, aka bar na farko, sauri ya zama 8: ninki biyu ya haifi ninki huɗu, darajarsa biyu. Idan mai jarrabawa ya ce a ninka su duka sau uku, amsar ita ce 3 sau 9, ninki 27, sauri ya tashi daga 2 zuwa 54.

Ban da kauri, akwai abubuwa uku da suke taɓa sauri, kuma duka ukun marina sun san su a aikace. Na farko laushi. Dunƙulen shuni ta bayansa kawai ake cinsa, amma idan aka niƙe shi, kowane ɗan ƙwaro na gari ya zama fili da haidiro zai kama. Shi ya sa ake dakan baba, shi ya sa ake motsa rijiya da muciya, shi ya sa kuma ake buɗe ninkin tufa idan an tsamo ta. Na biyu ɗan zuga, watau sinadarin da yake hanzarta aiki shi kuwa ba a cinye shi, irin ruwan tsamin Wilhelmy, ko wanda yake cikin ganyen baba yana raba indikan. Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne zafi.

Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya bayyana dalilin a 1889. Ba kowane karo ne yake haifar da rikiɗa ba, sai wanda ya zo da ƙarfin da ya isa ya tsinka tsohon ɗauri. Ɗan ƙarin zafi yana ƙara yawan ƙwayoyin da suke da wannan ƙarfi ƙwarai da gaske. Akwai wata ƙa'ida ta kintace da ake koya wa ɗalibai, cewa ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyos yakan ninka sauri sau biyu. Bisa wannan, aikin da ya ci kwana 8 a digiri 20 zai ci kwana 4 a digiri 30, kwana 2 a digiri 40. Wannan ya yi daidai da abin da kowace mai ƙullun koko ta sani, cewa ƙullu yana saurin tsami da bazara, ya yi nawa da hunturu. Rijiyar baba ma haka take, kuma zurfinta cikin ƙasa yana kare ruwan daga sanyin dare da zafin rana. Sai dai ƙa'idar kintace ce, ba dokar da ba ta karyewa ba. A tsohuwar rijiya masu aikin rayayyu ne, zafi idan ya wuce kima sai ya kashe su. A sabuwar tukunya kuma zafin da yake hanzarta narkewar shuni shi ne yake hanzarta lalacewar haidiro, sauri ya haifi nawa.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe da kyau shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake taɓa giram 376. A niƙa shunin ya yi laushi kamar kwalli, a ɗumama ruwan, a motsa har hannu ya gaji, iyakarta a isa wurin da wuri. Mai jarrabawa yakan tambaya ko ɗan zuga yana ƙara yawan abin da za a samu, ɗalibai kuma su yi ta amsa masa da i.

Idan tukunya ta ƙi

Amfanin raba tambayoyin nan biyu ya fi fitowa ranar da rini ya ƙi kamawa. Marini ya tsoma tufa ta fito fari-fari, ga mai kaya yana jira. Abu biyu ne mai yiwuwa, kuma a ido kamarsu ɗaya. Ko dai kayan suna nan aikin ne yake tafiyar hawainiya, ko kuwa wani daga cikinsu ya ƙare. Maganin na farko ɗumi da motsi da haƙuri. Maganin na biyu a ƙara abin da ya ƙare, shi kaɗai. Wanda bai rarrabe ba yakan yi abin da zuciya ta fi saurin raya masa, ya ce launi ne ya yi kaɗan, ya ƙara shuni. Idan haidiro ne mai iyaka, to ya ɗauki mafi tsadar kayansa ya zuba a kan giram 124 da suke kwance tun farko.

Ruwan da kansa yana ba da labari ga mai lura. Idan aka kau da kumfar sama aka ɗebo na ƙasa aka gan shi garau, ɗorawa mai sirkin kore, amma tufa ba ta yin duhu, shuni ne ya ƙare, mai narkarwa yana nan. Idan aka gan shi shuɗi mai duhu da gari-gari a ciki, shuni yana nan bai narke ba. Daga nan sai a ɗebi kofi uku. A ɗumama na farko kurum, a sa ɗan haidiro a na biyu, a sa 'yar soda a na uku, a rufe su a dakata. Wanda ya juya ya koma kore shi ya faɗi abin da tukunya take nema. Wannan ita ce dabarar nan ta riƙe kome a sāke abu ɗaya, wadda aka gano daraja da ita a sama, sai dai a nan da kofin shayi aka yi ta.

A ce kofi na biyu ne ya juya. Saura a san nawa za a ƙara. Shunin da yake kwance giram 124 ne, a raba da 262, mol 0.47. Haidiron da zai narkar da shi mol 0.47 ne, kimanin giram 82 idan tsantsa ne, ko giram 97 idan na kashi 85 ne, sai ɗan abin da za a ɗora saboda rabon iska. Kafin a zuba sai a duba ko soda za ta kai: mol 0.47 sau 4 sau 40, kimanin giram 76 ake nema, ga kuwa giram 170 a cikin ruwa. Ta isa har da saura, saboda haka ba a bukatar ƙarin soda ko cokali ɗaya.